Wane Lissafi Ne Ya Kamata Yaronmu Ya Ɗauka A Kwaleji?

 A wannan wata muna so mu yi magana a kan wani abu wanda a ido ƙarami ne, amma yakan ci wa iyali shekara guda da kuɗi masu yawa.

Sa'ad da ɗalibi ya sami shiga kwaleji ko jami'a, akan miƙa masa jerin darussan da zai ɗauka a shekarar fari. Kusan kullum akwai darasin lissafi a ciki. A waɗansu wurare kuwa ba ɗaya ba ne, biyu ne ko uku, a ce masa ya zaɓa. Yaro yana cikin murna, bai san garin ba, bai san kowa ba, sai ya leƙa abin da na kusa da shi ya rubuta, shi ma ya rubuta. Iyaye suna gida, sun sayar da hatsi ko sun ci bashi sun biya kuɗi, ba su ma san an yi wani zaɓi ba.

Shawararmu ɗaya ce. A zaɓi darasin lissafi bisa ga abu biyu, wato aikin da ɗalibin ya nufa, da ƙarfin da yake da shi a yau. Girman sunan darasi a bakin mutane bai isa dalili ba. Jin cewa wani darasi yana da sauƙi, shi ma bai isa ba.

Za mu ɗauki misalinmu daga Amurka, gama can ne aka fi sakar wa ɗalibi wannan zaɓi, can ne kuma aka yi shekaru ana bin sawun ɗalibai don a ga abin da zaɓin ya jawo musu. Waɗansu 'ya'yanmu suna karatu can, waɗansu suna neman tafiya. Daga baya za mu komo gida, mu ga inda maganar ta shafi makarantunmu.

Lissafi ba iri ɗaya ba ne

Kafin a yi zaɓi sai a san abin da ke cikin kowace tukunya. Darussan lissafi na shekarar fari sukan kasu uku.

Na fari ita ce aljabara. Sunan ya fito daga Larabci, daga wani littafi da Muhammad ɗan Musa al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820. Aikinta shi ne gano lambar da ba a sani ba ta wurin waɗanda aka sani. Ga misali. Wata mace ta kafa injin niƙa. Hayar ɗaki da albashin yaro suna cin Naira 60,000 a wata, ko an yi niƙa ko ba a yi ba. Kowane kwano da aka niƙa yana bar mata Naira 150 bayan an fid da kuɗin mai. Kwano nawa za ta niƙa kafin ta fara ganin riba? Amsa, 400. Wannan mai kasuwa zai yi shi da ka. Aljabara kuwa tana koya wa mutum ya rubuta shi da haruffa, yadda in haya ta hau, ko mai ya yi tsada, ba sai ya sāke daga farko ba. Aljabarar kwaleji ta wuce nan nesa, an kuwa shirya ta musamman don ta zama tsani zuwa ga na biyu.

Na biyu shi ne kalkulas. Isaac Newton a Ingila da Gottfried Leibniz a Jamus suka gano shi, kowa a gefensa, Leibniz ya buga nasa a 1684. Shi lissafi ne na abin da ke canzawa, kamar gudun mota a daidai wannan daƙiƙa, ko yadda ruwa ke raguwa a tanki. Yana kuma nuna inda abu ya fi yawa ko ya fi ƙanƙanta. A ce mutum yana da wayar shinge mita 40, yana so ya kewaye lambu a jikin katangar gidansa, wato gefe uku kaɗai zai shinge. In ya fito mita 5 daga katanga, tsawon lambun zai zama mita 30, filin kuwa murabba'in mita 150. In ya fito mita 15, tsawon 10 ne, filin 150 har wa yau. In ya fito mita 10, tsawon 20, filin 200. Da gwaji ana iya lalubo wannan amsa, amma kalkulas yana kai mutum gare ta kai tsaye, ya kuma tabbatar babu wadda ta fi ta. Injiniya ba ya gina gada ko madatsar ruwa sai da shi.

Na uku ita ce ƙididdiga, wato sanin yadda za a tattara lambobi daga mutane ko abubuwa masu yawa, a fid da gaskiya daga ciki ba tare da an ruɗe ba. A 1854 annobar amai da gudawa ta faɗa wa wata unguwa a birnin Landan. Wani likita, John Snow, ya bi gidajen da aka yi mutuwa, ya ga yawancinsu sun kewaye famfon ruwa guda, ya sa aka cire hannun famfon. Florence Nightingale, wadda masu aikin jiyya suka san sunanta, ta nuna da lambobi cewa a Yaƙin Kirimiya, wanda aka yi daga 1853 zuwa 1856, cuta ta kashe sojan Ingila fiye da yadda rauni ya kashe su.

Ga misali guda biyu na irin abin da ake koya. Lambobin namu ne, don bayani kawai. A wani ƙauye gida goma ne. Gida tara sun sami buhu goma goma, gida ɗaya ya sami buhu 110. In aka haɗa aka raba, sai a ce kowane gida ya sami buhu 20. Lissafin daidai ne, amma wanda ya raba taimako bisa gare shi zai cuci gida tara. Mai ƙididdiga yakan jera su daga ƙarami zuwa babba ya dubi na tsakiya, wato buhu 10.

Na biyun ya shafi asibiti. A ce wata cuta tana kama mutum 1 cikin 100. Akwai gwajin jini wanda ke gano 9 cikin masu cutar 10, amma yakan yi kuskure ya nuna cuta a jikin mutum 1 cikin masu lafiya 10. An gwada mutum 1,000. Masu cutar 10 ne, gwajin ya kama 9. Masu lafiya 990 ne, gwajin ya nuna 99 cikinsu bisa kuskure. Duka waɗanda aka ce suna da ita 108 ke nan, amma 9 kaɗai ke da ita, wato 1 cikin 12. Ashe ungozoma da malamin asibiti suna bukatar wannan ilimi kowace rana, don kada su tsorata mai lafiya.

Ban da waɗannan uku, kwalejoji da yawa a Amurka suna da wani darasi na lissafin zaman duniya, inda ake koyon kuɗin ruwa na bashi, da kasafin kuɗi, da karanta jadawali. An yi shi ne saboda masu karanta tarihi, ko harsuna, ko kiɗa, da irinsu.

Abin da aka gani a Amurka

Shekaru da yawa kwalejojin Amurka sun bi da kusan kowa ta ƙofar aljabara, ko zai zama injiniya, ko zai zama ɗan jarida. Da zuwan ɗalibi sai a yi masa gwajin sanin matsayi. In makinsa ya gaza, a mai da shi ajin gyara, wani lokaci hawa biyu ko uku kafin ya kai ga darasin kwaleji na sosai. Ajin gyaran nan ana biyan kuɗinsa, amma ba a lissafta shi cikin abin da ake bukata don samun digiri.

A 2010 masu bincike na Jami'ar Columbia da ke birnin New York suka buga sakamakon bin sawun ɗalibai fiye da 250,000 a kwalejoji 57 na shekara biyu. Suka tarar kusan 6 cikin 10 an tura su ajin gyara na lissafi. Cikin waɗanda aka tura, 1 cikin 3 kaɗai ya gama hawan duka. Abin mamaki, da yawa ba faɗuwa suka yi ba. Tsawon hanyar ne ya gajishe su, wani ma ya ci hawa ɗaya, bai komo ya yi rajistar na gaba ba. A 2015 kuma wata ƙungiyar malaman lissafi ta ƙasar, wadda ake kira MAA, ta ce kowace shekara wajen rabin masu ɗaukar aljabarar kwaleji ba su samun makin C ko abin da ya fi.

Sai mutane suka fara tambaya, shin dole ne mai koyon aikin jiyya ya hau tsanin da aka kafa domin injiniya? A 2013 Jami'ar Birnin New York ta yi wani gwaji a kwalejojinta uku. Aka ɗauki ɗalibai wajen 900 waɗanda gwajin shiga ya ce sai sun yi ajin gyara, waɗanda kuma fannin da suka nufa ba ya bukatar aljabarar kwaleji. Aka raba su kashi uku ta hanyar ƙuri'a, don kada a ce an zaɓi masu ƙoƙari an tara wuri ɗaya. Kashi na fari suka yi aljabarar gyara yadda aka saba, 39 cikin 100 suka ci. Na biyu suka yi ita ɗin tare da taron bita kowane mako, 45 cikin 100 suka ci. Na uku aka sa su kai tsaye cikin ƙididdiga ta kwaleji tare da taron bita na awa biyu a mako, 56 cikin 100 suka ci. Bayan shekara uku aka sāke dubawa. Cikin kashi na fari 17 cikin 100 sun gama karatu, cikin na uku kuwa 25 cikin 100.

Irin wannan shaida ta sa aka sāke tsari a wurare da dama. A 2017 jihar Kalifoniya ta kafa doka cewa kwalejojinta na shekara biyu su dubi makin da ɗalibi ya samu a sakandare wajen sa shi a aji, kada su tura shi ajin gyara sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Dokar ta fara aiki sosai a 2019.

Kada a yi saurin murna

Wani zai karanta wannan ya ce, to, ai magana ta ƙare, kowa ya ɗauki ƙididdiga. A'a. Ku tuna, ɗaliban gwajin nan an zaɓo su ne daga cikin waɗanda fanninsu ba ya bukatar aljabara.

Ƙididdiga ta shekarar fari ba ta kai mutum ga kalkulas. Wanda ke nufin injiniya, ko kimiyyar lissafin halitta wato fizis, ko kemistiri, ko ilimin kwamfuta, ko ilimin tattalin arziki mai zurfi, ba makawa sai ya bi ta aljabara da kalkulas. Har wanda ke son ya yi digiri a ƙididdiga kanta, sai da kalkulas. Darussan nan kuwa a sarƙe suke. Ba a shiga kalkulas na biyu sai an ci na fari, darussan injiniya da yawa kuma ba a shigarsu sai an ci waɗannan. Kowane hawa zango guda ne na karatu. Yaron da ya guji aljabara a shekarar fari don tsoro, sa'an nan a shekara ta biyu ya gane injiniya yake so, zai komo gindin tsani, karatun shekara huɗu ya zama biyar. Shi ya sa waɗansu malamai a Amurka suka yi gargaɗi, kada sabon tsarin ya zama hanyar karkatar da 'ya'yan talakawa daga fannonin kimiyya tun ba su gwada ba.

Har wa yau, ƙididdiga ba ta da sauƙin da ake zato. Haruffa da ƙa'idodin aljabara sun ragu a cikinta, amma karatu ya ƙaru. Tambaya guda takan cika rabin shafi da Turanci, bayan an yi lissafi kuma sai an rubuta ma'anar amsar da kalmomi. Ɗalibin da Turancinsa bai zauna ba zai sha wuya a nan, ko da yana da kan lissafi.

Yadda za a yi zaɓin

Na fari, a fara daga ƙarshe. Kowace jami'a tana da kundin da ya jera abin da kowane sashe ke bukata kafin a ba da digiri, yanzu kuwa yana kan intanet. Ɗalibi ya buɗe shafin sashensa ya karanta da idonsa. Masu aikin jiyya, da masu nazarin halayyar mutum, da masu nazarin zaman jama'a, yawanci ƙididdiga ake nema gare su. Masu karatun kasuwanci sau da yawa ana neman duka biyu. In ɗalibi yana kwalejin shekara biyu da nufin ya ƙarasa a wata jami'a, to, jami'ar da za shi ita zai tambaya ko za ta karɓi darasin. Ya roƙa a ba shi amsa a rubuce, ya ajiye. Maganar aboki, ko ta wanda ya gama shekara biyar da suka wuce, ba abin dogara ba ce, gama ana sāke ƙa'idodi. Matambayi ba ya ɓata.

Na biyu, in ɗalibi bai tsai da shawara kan fanni ba tukuna, sai ya rubuta fannoni biyu ko uku da zuciyarsa ta fi kwantawa a kai. In ko ɗaya cikinsu yana bukatar kalkulas, ya bi hanyar aljabara, muddin gindinsa ya kafu. Wanda ya yi aljabara yana iya ɗaukar ƙididdiga a kowane zango daga baya. Komowa daga wancan gefe ya fi wuya.

Na uku, a auna ƙarfi da gaskiya. Ga tambaya uku da za a iya yi a tsakar gida. Rabi da sulusi in an haɗa, nawa ke nan? Kaya na Naira 8,000 aka ƙara masa kashi 25 cikin 100, sa'an nan aka rage kashi 25 cikin 100 daga sabon farashin, nawa ya zama? Wace lamba ce in an ninka ta sau 3 aka ƙara 5 za ta zama 20? Amsoshin su ne 5 bisa 6, da Naira 7,500, da 5. Wanda ya ce kayan ya koma 8,000, ko ya yi ta kame-kame a ta fari, bai isa shiga kalkulas ba tukuna, ko mene ne ke rubuce a takardar sakamakonsa ta sakandare. Yawancin masu faɗuwa a kalkulas tsohon ramin aljabara ne ke kā da su. Ba abin kunya ba ne a sauka hawa ɗaya a cike ramin. Sannu ba ta hana zuwa. Amma in akwai gwajin sanin matsayi, a yi mako biyu ko uku ana bita kafin a shiga, gama yara da yawa an mai da su baya ne don sun manta, ba don ba su taɓa sani ba.

Na huɗu, kada a jinkirta. Waɗansu sukan tura darasin lissafi har shekarar ƙarshe don tsoro. Kafin lokacin abin da suka koya a sakandare ya bi iska, in kuwa suka faɗi, ba sauran zango na gyara sai an ƙara biya.

Na biyar, a lura da makonni biyu na fari. A Amurka akwai 'yan kwanaki a farkon zango da ɗalibi zai iya sauya darasi ba tare da an rubuta masa kome ba, akwai kuma wata rana daga baya wadda bayanta ba a janyewa. Ya rubuta ranakun nan a bangon ɗakinsa. Ga dalili. A ma'aunin can, A maki 4 ne, B maki 3, faɗuwa kuwa sifiri. Ɗalibin da ya ɗauki darussa biyar masu nauyi ɗaya, ya sami B a huɗu ya faɗi ɗaya, makinsa na zango ya sauko daga 3.0 zuwa 2.4. Wannan ya isa ya raba mutum da tallafin karatu. Amma ɗalibin da ya zo daga wata ƙasa ya yi hankali. Dokar bizarsa ta ce sai ya riƙe cikakken kayan karatu, wato awo 12 a zango ga mai neman digirin fari. Kada ya janye daga kowane darasi sai ya ga ofishin da ke lura da baƙin ɗalibai.

Na shida, a nemi taimako tun da wuri. Ku tuna kashin da ya fi cin nasara a New York yana da taron bita kowane mako. Malaman jami'a suna da sa'o'in da suke zama a ofis don amsa tambaya, kwalejoji da yawa kuma suna da ɗakin bita kyauta. Ka'idar da aka saba faɗa ita ce, kowace awa guda a aji tana bukatar awa biyu na aiki a ɗaki. Lissafi kuwa da fensir ake koyonsa. Wanda ya zauna yana kallon malami yana warwarewa, kamar mai kallon masaƙi ne, ba zai tashi da iya saƙa ba.

A nan gida fa?

A jami'o'in Nijeriya sashe ne ke yanke yawancin darussan shekarar fari, abin da aka bar wa ɗalibi kaɗan ne. Saboda haka zaɓin yana faruwa tun da wuri, sa'ad da yaro ke shiga babbar sakandare aka raba su ajin kimiyya, da na kasuwanci, da na adabi. A nan ne kuma yake ɗauka ko ya bar darasin ƙarin lissafi, wanda a takardar jarrabawar WAEC aka rubuta shi Further Mathematics. A cikinsa ake ɗanɗana kalkulas, wanda ya yi shi kuwa ba ya zama baƙo a shekarar fari ta injiniya. Zaɓi na biyu yana wurin cika fom na JAMB, hukumar da aka kafa a 1978. Darussa huɗu ake rubutawa, Turanci dole ne. Mai neman injiniya sai ya haɗa da lissafi, da fizis, da kemistiri. Mai neman tattalin arziki shi ma sai da lissafi. Wanda ya haɗa ba daidai ba, ko makinsa ya yi yawa, sashen ba zai ɗauke shi ba. Tun ran gini, tun ran zane.

In kuwa sashe ya bar wa ɗalibi darasin zaɓi, kuma ƙididdiga tana ciki, muna ba da shawara ya ɗauka. Kusan kowa zai rubuta kundin bincike a shekarar ƙarshe. Wanda bai taɓa koyon ƙididdiga ba yakan kai lambobinsa wurin wani ya biya a yi masa, sa'an nan ya kasa bayyana su gaban malamai.

Kalma ga iyaye

Ba sai kun san kalkulas kafin ku taimaka ba. Ku zauna da yaron ku yi masa tambaya uku. Wane darasin lissafi ka rubuta? Wa ya ce shi ne sashenka ke bukata? Ina takardar? In ya amsa sarai, ku sa masa albarka. In ya yi shiru, ku ce ya koma ya tambaya tun ba a rufe rajista ba.

Kada mu tilasta wa yaro kalkulas don maƙwabcinmu yana fahariya da ɗansa. Kada kuma mu riƙa cewa a gabansa, mu gidanmu ba mu da kan lissafi, gama yaro yakan ɗauki irin wannan magana ya yi matashin kai da ita. 'Yan mata musamman akan karya musu gwiwa, a ce lissafi na maza ne. Grace Alele-Williams ta sami digirin dakta a fannin koyar da lissafi a Jami'ar Chicago a 1963, a 1985 kuma ta zama shugabar Jami'ar Benin, mace ta fari da ta shugabanci jami'a a Nijeriya. Uwar da ke riƙe lissafin adashi na mutum talatin a kanta, kada ta yarda a ce 'yarta ba za ta iya ba.

Ku kuma ɗalibai, in zango ya yi nisa kun ga darasin ya fi ƙarfinku, ku faɗa wa malami, ku faɗa wa na gida tun ana iya gyara. Ɓoye faɗuwa har ranar da ya kamata a yi bikin gamawa ya fi faɗuwar kanta ciwo ga iyaye.

Masu tambaya a kan wannan magana su rubuto mana, za mu amsa abin da za mu iya a wannan shafi. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.